Shiru Ba Shi Ne Sauraro Ba

1.0 Gabatarwa

Masana koyar da harshe sun haɗu a kan cewa ginshiƙan koyon kowane harshe huɗu ne, wato sauraro da magana da karatu da rubutu. A kowace manhaja sauraro ake fara ambata, domin shi yaro ke fara yi tun yana goye a bayan mahaifiyarsa. Sai dai idan aka shiga aji, tsarin yakan juye. Karatu yana da littafinsa, rubutu yana da lokacinsa da jan biron malami, magana ma takan sami rabonta a ranar muhawara. Sauraro kuwa, abin da yake samu bai wuce tsawa ba: "Ku yi shiru, ku saurara!" Da zarar aji ya yi tsit, sai malami ya ɗauka an saurare shi, ya ci gaba da bayaninsa.

Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, sauraro ƙwarewa ce da ake koyarwa kamar yadda ake koyar da rubutu, kuma hanya mafi dacewa ta koyar da shi ga yara da matasa ita ce a ba su aikin hannu na rukuni wanda ba zai kammalu ba sai sun saurari juna. Abin da hannu ya gina shi ne shaidar abin da kunne ya ɗauka. An kafa misali da makarantun unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna, saboda a can buƙatar ta fi fitowa fili, amma darasin ya shafi duk ɗalibin da ke shirin riƙe alli.

2.0 Ji Daban, Sauraro Daban

Harshen Hausa da kansa ya raba abubuwan nan biyu. Ji aikin kunne ne, yana faruwa ko mutum ya so ko bai so ba. Ƙarar babur da kukan injin niƙa da kiran mai talla duk suna shiga kunne ba tare da sallama ba. Sauraro kuwa sai da niyya, shi ya sa ake cewa mutum ya kasa kunne, ko ya tattara hankalinsa wuri guda. Mai sauraro yana gudanar da ayyuka da dama a lokaci ɗaya: yana tantance sautuka, yana riƙe abin da aka faɗa a jere, yana ware muhimmi daga wanda ba shi ba, yana lura da inda bai gane ba, sannan ya yanke abin da zai aikata.

A shekarun 1920 wani malami Ba'amurke mai suna Paul Rankin ya bi diddigin yadda manya ke cinye lokacin da suke sadarwa a yini. Ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na lokacin yana tafiya ne wajen sauraro, alhali rubutu bai wuce kimanin kashi 10 ba. Daga baya Ralph Nichols na Jami'ar Minnesota, a littafin da ya wallafa tare da Leonard Stevens a 1957, ya nuna inda matsalar take. Mai magana da Turanci yakan furta kalmomi kimanin 125 a minti ɗaya, amma tunanin mai sauraro ya ninka wannan sauri. A cikin ratar da ke tsakani ne hankali ke sulalewa ya tafi yawo. Ke nan yaro zai iya zura wa malami ido, bakinsa a rufe, alhali zuciyarsa tana filin ƙwallo.

Haka kuma Ned Flanders, wanda ya daɗe yana nazarin abin da ke gudana a cikin azuzuwa, ya lura cewa a kusan kashi biyu bisa uku na lokacin darasi wani yana magana, kuma kashi biyu bisa uku na wannan magana ta malami ce. Idan haka ne, ɗalibi ya fi yin zaman sauraro a kan kowane aiki, kuma shi ne aikin da ba a taɓa nuna masa yadda ake yi ba. Jarrabawa ma ba ta taimaka ba, domin jarrabawar Hausa ta kammala sakandare a rubuce ake yin ta, malamai kuwa sukan bi inda maki yake.

A gidajen dauri akwai makarantun sauraro biyu, tatsuniya da aike. Mai tatsuniya ba ta ci gaba sai masu sauraro sun amsa, wanda ya yi gyangyaɗi kuma gobe ba zai iya maimaitawa ba. Aike ya fi tsanani. Yaron da aka aika ya sayo daddawa da gishiri da barkono, ya dawo da kanwa, ba ya buƙatar wani ya gaya masa bai saurara ba, abin da ke hannunsa ya isa. Wannan hikima ta aike ce ya kamata makaranta ta ara.

3.0 Ajin da ke Kudancin Kogi

Tun da Turawa suka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya zama matattarar baƙi. Kudancin kogi shi ne ɓangaren tashar jirgin ƙasa da masana'antu. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960. Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Neman aiki a waɗannan wurare ya jawo dubban mutane, suka tarar da Gbagyi masu ƙasa, unguwanni irin su Makera da Nasarawa da Tirkaniya da Barnawa da Narayi da Television da Unguwar Romi da Sabon Tasha suka cika suka batse. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, amma jama'ar da masaƙun suka tara suna nan, 'ya'yansu da jikokinsu su ne ke zaune a kan bencina.

Saboda haka malamin da aka tura ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni zai tarar da Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi da Hausawa da Fulani da Yarabawa da Ibo da Tibi da Idoma a aji ɗaya. Hausa da Turancin kasuwa su ne harsunan titi, amma ga yawancin yaran Hausa harshe na biyu ce ko na uku. Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan sauraro. Hausa tana bambanta ma'ana da baƙaƙe masu ƙugiya da tsawon wasali da karin sauti. Wanda bai tashi da ita ba zai iya jin "ƙara" da "kara" abu ɗaya, haka "ƙasa" da "kasa", ko "ɓari" da "bari". Gari na zama da garin tuwo tsawon wasali ne ya raba su, kukan jariri da kukar miya kuma karin sauti. Yaron yana iya yin ciniki da Hausa a kasuwar Kakuri ba tare da tangarɗa ba, domin kaya suna gabansa, hannu yana nuni. A aji kuwa, inda magana ce zalla, sai ya riƙa cike gurbi da zato, ya kuma ji kunyar tambaya.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Rikicin watan Fabrairun 2000, da na Nuwamban 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, sun ci rayuka masu yawa, sun kuma sa jama'a ƙaura, Musulmi suka fi karkata zuwa arewacin kogi, Kirista zuwa kudancinsa. Yara da dama sun tashi suna jin labarin mutanen ƙetaren gada daga bakin wasu, ba daga bakin masu shi ba. A irin wannan yanayi jita-jita takan riga gaskiya isa gida. A wannan gari ne kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke jagorantar matasa masu gaba da juna, suka haɗu a 1995 suka fara aikin sasantawa. Aikin nasu ya taimaka wajen samar da Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a ranar 22 ga Agustan 2002. Tushen irin wannan aiki shi ne zaunar da mutane su ji ta bakin juna har ƙarshe. Abin da manya suka koya bayan asara mai yawa, babu dalilin da zai hana a koya wa yara shi a aji cikin ruwan sanyi.

4.0 Aiken Magini: Yadda Ake Gudanar da Shi

Aikin da ake ba da shawara a nan ana iya kiran sa "aiken magini". Ya dace da 'yan aji huɗu na firamare har zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, kuma yana shiga cikin darasi ɗaya mai minti 40.

4.1 Kayan Aiki

Ba a buƙatar sayen komai. Murafan kwalabe, da kwalayen ashana, da gutsattsarin kara, da tsinken tsintsiya, da ƙyallayen da teloli ke zubarwa, da 'yan duwatsu sun wadatar. Yara da kansu za su tattaro su cikin mako guda. Kowane rukuni zai sami ƙunshi mai abu goma, iri ɗaya da na sauran. Kafin darasi malami zai shirya samfuri da irin waɗannan kaya a kan faifai ko murfin kwali, ya ɓoye shi a bayan wani kwali a gaban aji. Misali, kwalin ashana a kwance a tsakiya, murafai uku a jere a damansa, na tsakiya a kife, kara biyu a gicciye a gabansa, jan ƙyalle a ƙarƙashin marfin ƙarshe, duwatsu uku a hagu. Samfuri ɗaya zai ishi rukuni biyar, don haka aji mai ɗalibai 80 yana buƙatar samfuri huɗu.

4.2 Rabon Aiki

Kowane rukuni mutum huɗu ne. Na farko shi ne mai gani, shi kaɗai ke da izinin kallon samfurin. Na biyu ɗan aike, wanda ke karɓar bayani daga mai gani ya kai wa magini, ba ya ganin samfurin, ba ya kuma taɓa kaya. Na uku magini, yana zaune a bayan aji ko a gindin bishiya da ƙunshin kayansa, yana gina abin da aka faɗa masa. Na huɗu shaida, yana biye da ɗan aike da takarda a hannu, ba ya cewa uffan, yana rubuta abin da aka faɗa da abin da aka isar. Malami ne zai raba rukunonin da kansa, ya gauraya masu harsuna daban-daban, kada ya bari abokai ko 'yan unguwa ɗaya su ware gefe guda.

4.3 Zagaye na Farko

Bayan minti biyar na bayani da rabon kaya, sai a ba da minti takwas. Dokokin wannan zagaye uku ne: ba tambaya, ba maimaitawa, ba nuni da hannu. Mai gani zai faɗi magana sau ɗaya, ɗan aike ya ɗauka ya kai, ya dawo ya karɓi ta gaba. Da lokaci ya cika sai a ɗauke kwalin da ya rufe samfurin, a jera ginin rukunoni biyar kusa da shi, a ba da minti biyar kowa ya gani. A nan ne dariya kan ɓarke, domin abu ɗaya aka kalla, amma abu biyar aka gina. Ana ba da maki ɗaya ga kowane abin da ya zauna a muhallinsa, cikin goma.

4.4 Zagaye na Biyu

Sai a sauya matsayi, magini ya zama mai gani, shaida ya zama ɗan aike, a kuma juya samfuran tsakanin rukunoni. A wannan zagaye mai minti goma an yarda a yi tambaya, an kuma ƙara doka ɗaya: duk wanda aka faɗa wa magana ba zai motsa ba sai ya maimaita ta da kalmominsa, mai maganar ya ce "haka ne". Idan mai gani ya ce, "A sa marfi uku a dama da kwalin," ɗan aike zai iya cewa, "Wato marfi uku a jere, a dama. Damarka ko damar magini?" Wannan tambaya kaɗai ta isa darasi. Dokar maimaitawa ba sabuwa ba ce. Masanin halayyar ɗan'adam Carl Rogers ya ba da shawararta a farkon shekarun 1950 a matsayin maganin gardama: kada mutum ya faɗi nasa ra'ayi sai ya maimaita na abokin maganarsa har abokin ya gamsu.

4.5 Zaman Bita

Minti goma na ƙarshe, kafin a tattara kaya, su ne zuciyar darasin, kuma su ne malami mai gaggawa ke fara yankewa. A nan shaidu za su karanta abin da suka rubuta. A ina saƙo ya karkace? Mai gani ne ya dunƙule magana, ko ɗan aike ne ya zubar da rabi a hanya, ko magini ne ya fara gini tun ba a gama faɗa masa ba? Wani rukuni zai gano cewa an ce "ƙara kara ɗaya", magini ya ji "kara kara ɗaya", ya jingina shi a jikin kwali. Wani zai gano an ce kara yana kwance, aka ji a kwance shi. Malami zai rubuta irin waɗannan kalmomi a allo, su zama darasin furuci na gobe. Idan ya yi tambaya, ya dace ya jira. Mary Budd Rowe ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa malamai ba sa jiran amsa fiye da kimanin daƙiƙa ɗaya, kuma idan suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku, amsoshin yara sukan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙara yawa. Malamin da ke koyar da sauraro shi ne ya fi cancanta ya fara nuna shi.

4.6 Daga Kaya Zuwa Zance

Bayan an yi aikin sau uku ko huɗu a makwanni daban-daban, sai a ajiye murafai a koma ga zance, dokokin suna nan yadda suke. Ɗalibi zai bayyana wa abokinsa yadda ake wani abu a garinsu, kamar bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko Tuk Ham na Kwoi, ko hawan salla a Zazzau, ko yadda ake dafa wani abinci a gidansu. Abokin ne zai tashi ya faɗa wa aji, mai labarin kuma ya tabbatar ko ya gyara. Daga nan a hau kan ra'ayi, a fara da batutuwa marasa zafi, kamar ko ya dace ɗalibai su riƙa sharar makaranta. Wanda ya saba maimaita inda marfi yake zai fi samun sauƙin maimaita ra'ayin da bai yarda da shi ba.

5.0 Dalilan Fifita Wannan Hanya

Dalili na farko shi ne, sakamakon a bayyane yake. Gani ya kori ji. A darasin auna fahimta na al'ada, malami ya karanta labari ya yi tambaya, yara biyar masu ɗaga hannu su amsa, sauran su ɓuya a bayansu. A aiken magini babu maɓoya, domin ginin yana nan a gaban kowa, kuma ba malami ne ya ce an yi kuskure ba, samfurin ne ya nuna. Bambancin makin zagaye na farko da na biyu yakan koya wa yaro amfanin tambaya fiye da duk wata nasiha.

Na biyu, aikin yana raba laifi bisa adalci. A aji an saba ɗora wa mai sauraro laifin rashin fahimta. Takardar shaida takan nuna cewa sau da yawa mai magana ne ya gaza, ya ce "can gefe" ko "kusa da abin nan". Ta haka yara ke koyon kalmomin wuri da jeri, irin su gaba da baya, sama da ƙasa, tsakiya, a gicciye, a kife, a tsaye, da farko, daga nan, a ƙarshe. Waɗannan su ne kalmomin da za su buƙata ranar da aka ce su rubuta insha'i na bayani.

Na uku, aikin yana mayar da tambaya abin yabo. Matambayi ba ya ɓata, amma yaron da Hausarsa ba ta nuna ba yakan gwammace ya ɓata a kan a yi masa dariya. Idan doka ce ta wajabta wa kowa maimaitawa, har da wanda aka haifa cikin harshen, kunya ta kau.

Na huɗu, aikin yana sa kowa ya buƙaci kowa. A 1971 aka gayyaci Elliot Aronson zuwa makarantun birnin Austin na jihar Texas a Amurka, inda aka fara haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a aji ɗaya, faɗa kuma ya yi yawa. Shi da ɗalibansa suka raba aji ƙananan rukunoni, suka yanka darasi gutsure-gutsure, aka ba kowane yaro gutsure ɗaya wanda babu mai shi sai shi. Duk wanda ke son cin jarrabawa dole ya saurari ɗan'uwansa, ko da wanda ya raina ne. Rahotanninsu sun nuna cewa ƙyamar juna ta ragu a waɗannan azuzuwa. Aiken magini a kan wannan tushe yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mai gani komai basirarsa ba zai ci maki ba sai ta bakin ɗan aike da hannun magini.

6.0 Hujjojin Masu Suka

Akwai malamai da shugabannin makarantu da ba za su karɓi wannan shawara hannu bibbiyu ba, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa.

Hujja ta farko ita ce hayaniya da yawan ɗalibai. Tsarin Ilimi na Ƙasa, bugun 2004, ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare, amma azuzuwa da yawa a makarantun gwamnati na birane sun zarce haka nesa ba kusa ba. Gaskiya ne rukuni ashirin suna magana lokaci ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma malamin da bai shirya ba zai tayar da kasuwa ne kawai. Maganin shi ne a fita fili, ko a raba aji biyu, rabi su yi aiki rabi su zama shaidu, a mako na gaba a juya. Sannan a tuna cewa babban aji shi ya fi buƙatar wannan hanya, domin a aji mai ɗalibai 80 yaro zai iya shafe zango guda malami bai ji muryarsa ba.

Hujja ta biyu ita ce lokaci, wai manhaja ta yi yawa, babu sararin wasa. Sai dai sauraro yana cikin manhajar, ba baƙo ba ne. Darasi ɗaya cikin kowane mako biyu bai yi yawa ba ga ginshiƙin da sauran uku suka dogara da shi. Lokacin da malami ke ɓatawa wajen maimaita umarni sau uku, da gyara aikin gida da aka yi ba yadda aka ce ba, shi ma lokaci ne, ba a dai lissafa shi.

Hujja ta uku ita ce, yaran da Hausa ce harshensu na gida za su danne sauran. Hakan zai faru idan aka bar su kullum a matsayin mai gani. Shi ya sa juya matsayi wajibi ne. Ana kuma iya gudanar da wani zagaye da Turanci, inda mai rinjaye a jiya zai ɗanɗani halin da abokinsa ke ciki kullum.

Hujja ta huɗu ta shafi yara masu matsalar ji. Ba daidai ba ne a mayar da irin wannan yaro abin dariya. Amma aikin yakan taimaka wajen gano shi. Idan malami ya lura wani ɗalibi yana kuskure duk lokacin da ba ya kallon bakin mai magana, sai ya matso da shi gaba, ya bar abokan rukuninsa su fuskance shi, ya kuma shawarci iyaye su kai shi a duba, ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a cikin garin Kaduna. Yara da yawa da ake yi wa kallon masu taurin kai ko daƙiƙai, kunne ne ke damun su.

Hujja ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi: murafan kwalba ba za su warkar da gari ba. Wannan gaskiya ce. Rikice-rikicen Kaduna suna da saiwoyi a siyasa da talauci da rashin aikin yi, waɗanda suka fi ƙarfin malamin aji. Kuma wanda ya yi aikin sau ɗaya don burge mai duba koyarwar gwaji, bai koyar da komai ba. Abin da ke hannun malami shi ne ɗabi'a, ita kuwa da maimaici ake dasa ta. Saurayin da ya saba tambayar "wa ya faɗa, me ya ce daidai?" kafin ya isar da saƙo, ya fi wuyar zama ɗan aiken jita-jita, musamman a zamanin da saƙon murya ke zagaye unguwa ta wayar hannu cikin 'yan mintuna.

7.0 Kammalawa

An nuna cewa sauraro shi ne aikin da ɗalibi ya fi yi a makaranta, shi ne kuma aka fi sakaci da koyar da shi, saboda an ɗauki shirun aji a matsayin shaidarsa. An kuma nuna cewa a unguwannin kudancin kogin Kaduna, inda harsuna suka cakuɗu, tarihi kuma ya bar tabo, wannan sakaci yana da tsada. Saboda haka ya kamata kwalejojin ilimi su sa kowane ɗalibin Hausa ya gudanar da irin wannan aiki da abokan karatunsa kafin ya fita koyarwar gwaji, ya zauna a matsayin ɗan aike da magini, ya ga nasa makin. Ya kamata kuma masu duba koyarwa su daina auna malami da tsit ɗin ajinsa kaɗai, su riƙa tambayar abin da yaran suka iya yi da abin da suka ji. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Aikin malami shi ne ya tabbatar kunnen ya ji daidai, hanyar tabbatarwa kuwa ita ce ya ba yaro kaya goma da saƙo, ya ga abin da zai gina.

Tambayoyi

1. Bambanta tsakanin ji da sauraro, tare da misalai daga cikin aji.
2. Kawo kalmomi biyar-biyar da ƙugiya ko tsawon wasali ko karin sauti ke bambanta ma'anarsu, waɗanda za a iya sakawa cikin aiken magini.
3. Tsara shirin darasi mai minti 40 na wannan aiki ga aji mai ɗalibai 60.
4. Wace hujja ce daga cikin hujjojin masu suka ta fi ƙarfi, kuma ta yaya za a shawo kanta?